Ƙafafun Altine

Altine ta yi shekaru tana suyar ƙosai a bakin tashar jiragen ruwa ta birnin Salbado, can ƙetaren teku, kafin ta fanshi kanta daga bauta. Ranar da ta sami 'yanci ta sayi takalmi, don a garin nan bawa ba ya sa takalmi.

Akwai wani Bature mai zane, Baltaza, da ke yawan cin ƙosanta. Ya yi ta roƙon ta zauna ya zana ta, har ta yarda.

"Amma fa da takalmina," in ji ta.

Ya dafa ƙirji ya rantse. Ta yi ta zuwa shagonsa, ba ya barin ta leƙa zanen, wai sai ya gama.

Wata rana Baba Idirisu, dattijon Bahaushe ɗan dako, ya sauko daga unguwar tudu ya tsaya a gaban kaskonta yana ta kame-kame.

"'Yata, ni na kai zanenki gidan wani attajiri. Baƙi sun taru suna yabawa. Wani ya ce idanunki a ƙasa, alamar biyayya ce. Wata ta ce wannan murmushin na baiwar da ta ji daɗin gidan ubangijinta ne."

"Baiwa kuma, Baba? Ba su ga ƙafata ba?"

"Sun gani. Ba takalmi."

Ta bar mai a kan wuta, ta hau tudu har shagon Baltaza. Bai ko musa ba.

"Haka masu saye ke so," ya ce. "Ai ban taɓa fuskarki ba. Ke ce sak."

"Shi ya fi min ciwo. Duk wanda ya gani zai san ni ce. Ka san abin da nake kallo a ƙasa da kake zana ni? Takalmina nake kallo. Murmushin ma na takalmin ne."

Ya ce zai yi mata wani. Ta juya ta fita.

Da attajirin ya tashi komawa garinsu Lizban, aka kira Baba Idirisu ya sauko da zanen zuwa jirgi. Ya ƙi, wani ya ɗauka. Altine na zaune, Baba Idirisu na gefenta, aka wuce da zanen ta gabanta, a naɗe cikin buhu.

"Nan dai ina da baki, Baba," ta ce. "Can wa zai gaya musu cewa zanen ƙarya ne?"

Dattijon ya tsuguna ya gyara mata itacen murhu.