Bokitin da ke Ƙarƙashin Gidan Clive

Giyar farko da Rowan ya haɗa, zafin Disamba ne ya lalata ta, don a ƙasarsu a watan ne zafi ya fi tsanani. A garejinsa da ke garin Rockhampton ya ajiye bokitin da ya tsima ta a ciki, rufin kwano kuwa ba ya raga wa kowa. Da ya ɗanɗana sai ya ji kamar ruɓaɓɓiyar ayaba. Mai shagon da ya sayar masa da kayan haɗin ya sha dariya, ya ce yistin da ke tsima giya ba ya son zafi, ya nemi wuri mai sanyi.

Wuri ɗaya Rowan ya sani: ƙarƙashin gidan mahaifinsa Clive, tsohon gidan katako da ke tsaye kan dirkoki, inda iska ke ratsawa ko da tsakar rana. Clive ya daɗe da barin giya, bayan ta raba shi da aikinsa na jirgin ƙasa, ta kusa raba shi da ransa. Rowan ya san haka sarai, amma ɗokin sabon abu ya rufe masa ido. Ya sake haɗa wata, ya kai bokitin can, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul a bayan injin yankan ciyawa.

"Baba, ajiya ce kawai, kada ka kula ta."

Clive ya ce to.

Ranar Asabar ɗin da ya koma da kwalabe don ya ɗura, yayarsa Maree ce ta tare shi a bakin matakala.

"Sannu, mai kamfanin giya," in ji ta. "Wace irin ajiya ce mai numfashi? Shiga ka ga aikinka."

Ya sunkuya ya shiga. Ɗan bututun da ke kan murfin yana ta ɓulɓul a hankali, ƙamshin tsimi ya cika wurin. Tawul ɗin sharkaf yake, yanzu aka jiƙa shi. Ga kujerar tsohon an sauko da ita daga baranda, an girke ta dab da bokitin.

Clive ya sauko yana dafa dirka.

"Ban taɓa ba," ya ce. "Tawul kawai nake jiƙa maka, kada zafi ya ɓata maka wahala. Sai in ɗan zauna. Ɗakina ne a sama, ka ga ƙamshin ta tsakanin katako yake hawowa."

"Baba, me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Na ga kana murna. Rabon da in ga ka sa ranka a wani abu haka, tun kana yaro." Ya kawar da kai. "Amma jiya da kofi na sauko, kuma babu shayi a ciki, saura ƙiris in ɗiba. Ka ɗauke shi yau, Rowan."

Kunya ta rufe Rowan har ya kasa haɗa ido da kowa. So yake abin ya ɓace nan take, don haka ya ja bokitin zuwa bakin kwata, ya murɗe famfon da ke gindinsa.

"Ba a nan ba, sakarai," in ji Maree, amma giyar ta riga ta malale kan siminti, kumfa na bin tsagar ƙasa. Ƙamshin ya tashi ninkin na da, ya gauraye gidan.

Clive ya juya ya fice ta ƙofar gida, ko hula babu, ya tsallaka titi ya tsaya a cikin rana, ya ba gidansa baya.