Sawun da Arzika Ya Share

Akori-kurar ta sake faɗawa rami, kan Arzika ya bugi ƙarfe. Tun hantsi ya baro Tambuwal, saura kwana tara jirginsu na alhazai ya tashi. Ya zaga dangi da maƙwabta neman gafara kamar yadda kowane maniyyaci yake yi. Mutum ɗaya ya rage, a Fakku, kuma da don ta Arzika ne da ba zai je ba.

Malam Jumare ne ya ja masa. Wannan malamin firamare ya rubuta wani labari a littafin makaranta, kullum bayan la'asar yana karanta wa 'yan tasha a teburin mai shayi. Labarin wani ɗan doka ne a Sakkwato ta zamanin En'e, mai bin lungunan 'yan ga-ruwa da majema yana binciken sata. 'Yan dako har lodi suke bari su zo saurare, don kuwa unguwar da ake faɗa irin tasu ce, da warin kwata da ɗakin haya na mutum takwas. Ranar da ɗan dokan ya kife ƙwarya a kan sawun ɓarawo don kada a tattake, wani ɗan dako ya juyo.

"Baba Arzika, kai da ka yi aikin, haka kuke yi?"

"Haka muke yi," in ji Arzika. Shayin ranar bai shiga ba.

Shekara ashirin da uku ke nan. An sace fatu a rumbun wani attajiri, Arzika ya bi sawu tiryan-tiryan har ƙofar soron attajirin, inda babban ɗansa yake kwana. Ya tsaya, ya duba hagu da dama, ya sa ƙafa ya share. Kafin azahar ya kamo Na'iya, ɗan cin rani mai kai ruwa gidan. Shekara uku aka ba shi.

Motar ta tsaya a Kebbe, daga nan ya tako da ƙafa zuwa Fakku. Aka nuna masa gidan Na'iya, wata tsohuwa tana sussukar gero a ƙofa. Atu ce, matar Na'iya. Ta ba shi ruwa a ƙoƙo, ya tambayi maigida.

"Ai Na'iya ya rasu tun damanar bara. Tarin da ya kwaso gidan yari bai taɓa barinai ba. Kai wa?"

Arzika ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya faɗa mata ko shi wane ne. Ta daɗe tana kallonsa da taɓarya a hannu.

"Kullum shina ba ka uzuri," ta ce. "Shi ce ɗan dokan nan yaro na, bai sani ba, kuskure ya yi."

Ga ƙofa an buɗe masa, abin da ya rage kawai ya gyaɗa kai ya tafi Makka. Kunya ta rufe shi har wuya.

"Na sani, Inna. Na ga inda sawun ya shiga. Ni na share shi."

Atu ta jingine taɓaryar a hankali.

"To, wanda bai sani ba shi ya yafe ma. Kai ban san ka ba. Gafarar kuwa ba tawa ba ta, balle in ba ka. Mai ita shina bayan tsamiyar can."

Ya je kabarin ya tsaya, ya karanta abin da ya iya. Da ya dawo, ta shige gida, ta kuma ɗauke ƙoƙon.

Ana gab da magariba motar ta sauke shi a tashar Tambuwal. Jumare yana kan benci da littafinsa, jama'a sun yi cincirindo ana gardamar wanda ya yi satar. Saura babi ɗaya.

"Yauwa, ga mai aikin," in ji ɗan dakon nan. "Baba, faɗa muna, wa za a kama?"

"Ku duba gidan mai soro," Arzika ya ce. "Can sawun ya nufa."

Jumare ya leƙa shafin ƙarshe ya yi dariya. "Wallahi ya canka."

Aka ɗauki tafi, wani ya ce a haɗa wa tsohon ɗan doka shayi mai kauri. Arzika ya karɓi kofin, ya riƙe shi har ya huce.