Bayan Lambar Kaka Vihtori

…ai kuskure ne, ba wani abu ba. Su ma maƙeran mutane ne, suna kuskure. Abin da Raimo Huhtala ke ta nanata wa kansa ke nan tun jiya, tun da ya ɓalle ƙusoshin bayan firam ɗin, lambar yabon kakansa ta faɗo masa a tafin hannu a kife, ya ga shekarar da ke bayanta. 1918. Ba 1939 ba. Tun yana rarrafe yake kallon fuskarta ta cikin gilashi a bangon falo, ga shi yau ya cika saba'in, bai taɓa ganin bayanta ba. Wa ma ke juya lambar yabo? Ana ratayewa ne, a riƙa nuna wa baƙi.

Yanzu tana aljihun rigarsa, naɗe cikin tsohuwar safa. Nauyinta bai kai na cokali ba, amma ji yake tana jan kafaɗarsa ƙasa.

Ɗakin karatu na ma'ajiyar tarihi shiru, sai ƙarar ruwan sama a tagogi. Dogayen tebura, kowa da fitilarsa. Wani tsoho can lungu ya kifa hanci a kan takarda kamar mai shinshina ta. Ma'aikaciyar ta ce ya jira, za a hauro da katin sojan daga ƙasa. To yana jira. Me ya rage masa ban da jira? Jirgin ƙasa na asuba ya hau daga ƙauye, da gahawa a gora da burodi mai man shanu a takarda, kamar mai tafiya wurin aiki… wane aiki kuma? Motar bas ɗin da ya tuƙa rabin rayuwarsa ma an daɗe da sauke ta daga hanya.

Labarin dai kowa a gidansu ya san shi. Yaƙin hunturu na 1939, sojan Rasha na ruwan wuta daga wancan gaɓar tafki, Kaka Vihtori ya saɓa wani hafsa da aka harba a baya, ya ratsa ƙanƙara da shi har ya kawo shi wurin nasu. Haka ne. Haka aka ce. Wa ya ce? Baba ne, duk ranar bikin 'yancin kai, bayan ya ɗan kurɓa. Shi Kakan fa? Shi da an tabo zancen sai ya miƙe, ya ɗauki hularsa, can sai ka ji sarar gatari a bayan gida. Kunya ce irin ta mazan da, in ji Baba. Jarumin gaske ba ya surutu.

"Jarumin gidanku dai," matarsa Sinikka ke cewa, tana murguɗa baki. "Ka goge masa gilashi, kada ƙura ta shaƙe shi."

Sinikka… Hunturun bara ne ta rasu. Har yau in ya tashi da safe kofi biyu yake saukewa, sannan ya tsaya, ya mai da ɗaya. Kin ga inda na zo yau? Da kina nan da kin ce, tsoho, ba ka da aikin yi ne? Ba ni da shi. Gaskiyarki. Orvokki ce ta ƙungiyar tarihin ƙauye ta tare ni a shago, wai za su jera lambobin tsofaffin sojoji a zauren taro, a kawo ta Vihtori. "Amma ka haɗo da shaida, Raimo. Ba don ba mu yarda ba, ƙa'ida ce." Na ce to, da saurina. Kin san dalili? Tun ranar jana'izarki ba wanda ya nemi wani abu a wurina. Ko aron tsani.

Takun takalmi. Ma'aikaciyar ce, da siririn fayil a hannu da farin tabarau a goshi. Ba za ta wuce sa'ar 'yarsa Outi ba. Ta zauna gefensa, ta buɗe a hankali. Kati ɗaya ne, ya yi launin shayi, rubutun alƙalami ya karkata kamar ciyawar da iska ta kwantar.

"Kana iya karanta tsohon rubutu?"

"Idona ba ya kaiwa."

Idonsa na kaiwa sarai.

Ta ɗora yatsa. Huhtala, Vihtori, ɗan manomi. Ranar haihuwa daidai, ƙauye daidai. Ta nemi ganin lambar, ya warware safar, kunya ta kama shi don akwai ɗinki a dunduniyarta. Ta juya ƙarfen, ta dubi katin, ta gyaɗa kai.

"Tasa ce, babu ko shakka. Ga shi an rubuta nan. An ba shi a ƙarshen shekarar sha takwas."

"Na talatin da tara fa? Yaƙin hunturu?"

"Bai je ba. An kira shi, likita ya sallame shi. Ciwon ƙirji."

Ciwon ƙirji. Tarin nan na asuba da ke ratsa bango… To tafkin fa? Hafsan fa, da jininsa ya jiƙe wa Kaka riga har ta daskare ta zama kamar katako? Baba ya sha faɗin zancen rigar. Ina ya samo riga? Shi ya ɗinka ta da bakinsa, ko shi ma ba shi aka yi ya yafa? Shi ne fa ya manne lambar a kan baƙin ƙyalle, ya buga ƙusoshi har takwas ko goma a firam ɗin da biyu sun ishe shi. Baba, ka ga bayanta ranar? Dole ka gani. A hannunka take.

Sha takwas. Yaƙin basasar da ba a faɗar sunansa a teburin abinci. Rundunar Farare da ta Jajaye, maƙwabci da maƙwabci, mai gona da ɗan ƙodagonsa.

"Ɗan Farare," haka Sinikka ke tsokanarsa tun suna saurayi da budurwa, in ya hana ta tuƙa babur.

"Mu ba ruwanmu da wannan yaƙin. Kaka yaro ne lokacin, yana bin shanu."

"Haka kowa ke cewa. In ka bi ta bakin mutanen ƙasar nan, shanu ne suka yi harbin."

Ya yi dariya a lokacin. Dariya sosai.

Yatsan ma'aikaciyar na gangarawa. Ya shiga rundunar Farare yana ɗan sha tara. Artabu ɗaya, a wata tashar jirgin ƙasa, a nan ne aka yaba masa. Daga nan kuma, daga watan Mayu zuwa Agusta, aikin gadi. Sannan ta karanta sunan wurin, murya ƙasa-ƙasa.

Tsohon barikin bakin teku. Sansanin fursunoni.

Ya san hanyar. Ya san inda kwalta ke ƙarewa, ya san bishiyar da yake ajiye mota a ƙarƙashinta. Duk bazara sai ya kai Sinikka can, da jajayen furanni a cinyarta, ta sauka ta nufi dogon dutsen nan mai sunaye, wai kakanta Eemeli Rautio na cikin ramin da ke ƙarƙashi, ko na kusa da shi, ba wanda ya san takamaimai. Ma'aikacin injin yankan katako ne, aka zo aka tafi da shi da rigar aiki a jikinsa, matarsa ta reni 'ya'ya uku da wankau. Shi Raimo fa? A mota yake zama. Ya kunna rediyo, ya ji hasashen yanayi. Ba ta taɓa cewa ya sauko ba. Shi ma bai taɓa… Me zai je yi? Ba mamacinsa ba ne. Haka ya ɗauka: ba mamacinsa ba ne.

"Akwai katunan fursunonin wurin?" Muryarsa ce wannan? Kamar ta wani.

"Akwai na da yawa daga cikinsu. Wane suna?"

Ya faɗa. Ta rubuta, ba ta tambaye shi ko wane ne ba, ta tafi.

Ba zai iya zaman ba. Ya fita baranda inda aka rataye rigunan ruwa, ya lalubo waya. Outi tana Sweden, ita kaɗai gare su. Ta yi ta ringi.

"Baba? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ina birni ne, na zo duba zancen lambar nan ta…"

"Wace lamba? Baba, taro za mu shiga yanzun nan, zan kira ka an jima. Ka sha maganinka?"

"Na sha."

"Yauwa. Kada ka tsaya cikin ruwa."

Ƙit. To me ma zai ce mata? Cewa kakan ubanta na tsaye a wannan gefen waya mai ƙaya da bindiga, kakan uwarta na wancan gefen? Ita ko sunayensu ba ta riƙe ba. Jininsu duka biyu na yawo a jikinta, tana shiga taro da shi, bai dame ta da komai ba. Wataƙila haka ya fi. Wataƙila don haka aka buga ƙusoshin.

Da ya koma ciki ya tarar an kawo kati na biyu, ya fi na farko ƙanƙanta. Kusan babu komai a kansa. Rautio, Eemeli. Shekara talatin da ɗaya. Mai aure. An kawo shi a Mayu. Ya rasu a Yuli. Dalili: kumburi da rashin ƙarfi.

"Yunwa ke nan," in ji ma'aikaciyar. "Haka suke rubuta ta."

Ba harsashi ba. Ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa, sai kuma kunyar sakin ta rufe shi. Ba harsashi ba, sai me? Mayu, Yuni, Yuli. Rana ba ta faɗuwa sosai a watannin nan, babu duhun da mutum zai ce bai gani ba. Yaro ɗan sha tara, da nasa kason burodin a aljihu, yana kai da kawowa a bakin waya, mutane na tsugune suna tsinkar ciyawa suna kaiwa baki…

"Dubban mutane ne a wurin," ma'aikaciyar ke cewa, a tausashe, kamar ta ji abin da ke kansa. "Masu gadi ma ɗaruruwa. Mai yiwuwa ko ganin juna ba su taɓa yi ba. Takarda ba za ta gaya maka fiye da haka ba." Ta gyara katunan biyu gefe da gefe. "Zan yi maka kwafi mai hatimi. Na ɗaya kake so, ko duka biyun?"

Duka biyun… ɗaya…

Ƙamshin miyar kifi. Daga ina? Teburin gidansu ne, ranar Lahadin da ya fara kawo Sinikka a gan ta. Tana sanye da riga ruwan ɗorawa, gashinta duk iskar babur ta hargitsa. Kaka na can kan tebur, ya tsufa tukuf, shi ke yanka burodi kamar kullum, ya tokare shi a ƙirji yana jawo wuƙa.

"Rautio? Na wane gari?" in ji Kaka, da ya ji sunan gidansu.

Ta faɗa.

"Kakanki na nan da rai?"

"A'a. Ya mutu a barikin bakin teku, shekarar sha takwas." Kai tsaye, ido cikin ido. Ita haka take, ba ta iya kwana-kwana ba.

Wuƙar ta tsaya. Inna ta yi sauri ta ce wa zai ƙara dankali. Sai Kaka ya ci gaba da yanka. Ya yanko mai kauri, ya lafta masa man shanu, ya miƙa hannu har ƙetaren tebur ya ajiye a farantinta. Ya sake yanko wani. Ya sake. Man na shafar masa hannun riga.

"Ci, 'yata. Ci."

"Kaka, ai sai ka kashe ta da burodi!" Shi Raimo ne ya faɗi haka. Shi, da bakinsa. Aka kwashe da dariya, Inna na cewa tsufa ne, a yi haƙuri da shi. Baba kaɗai ne ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta dubi tsohon, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗauki na farko ta ci. Ta ci na biyu. Ita da ko rabin yanka ba ta gamawa da safe… ta cinye su tas, a hankali, har ɓurɓushin ta dangwale da yatsa, shi kuma yana kallon bakinta har ta haɗiye na ƙarshe. A hanyar komawa ta kwantar da goshinta a bayansa. Ya ɗauka gajiya ce.

Sinikka, kin sani? Tun ranar? Shekara arba'in da wani abu kina kwana a gidan nan, abin nan na rataye a saman kujerar da kike saƙa… kika bar ni da tafkina da hafsana? Tausayina kika ji, ko gani kika yi ba zan iya ɗauka ba? Ko kuwa jira kike in sauko daga mota, ko sau ɗaya, in tambaya?

Su uku ne a teburin nan suka san abin da ake ci. Duk suna ƙarƙashin ƙasa.

"Malam Huhtala?" Ma'aikaciyar ce tsaye, katunan na hannunta. "Ɗaya, ko duka biyun?"

Ya ɗaga kai. Ruwan bai tsaya ba. 

"Bari in ɗan zauna tukuna," in ji shi, alhali a zaune yake.