Firjin Baba Akawu

Baƙin da aka yi wa girkin hutu ba su zo ba. Motar yayan Tela ta lalace a hanya, shi da iyalinsa suka juya gida, aka bar Tela da matarsa da abincin da zai ƙosar da rabin unguwa. Firjinsu ƙarami ne. An cusa masa kaji da nama da miya har ƙofar ta ƙi rufuwa, sai da Tela ya ɗaure ta da ƙyallen da ya rage daga wani wando. Duk da haka robobi suna jere a ƙasa, ga zafi.

Matar ce ta tuna da Baba Akawu, tsohon da ke ɗakin da ke kallon nasu a saman benen. Shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa, kuma kowa ya san yana da firji mai ƙofa biyu wanda marigayiyar ke alfahari da shi. Ta ce me tsoho ɗaya zai saka a ciki in ban da ruwa?

Tela ya kinkimi robobin ya ƙwanƙwasa. Baba ya buɗe, sanye da farar rigarsa mai guga kamar har yanzu yana zuwa ofis. Da ya ji buƙatar sai ya ɗan yi jim, kaɗan ne ƙwarai, har Tela bai ba abin muhimmanci ba sai daga baya.

"Kawo, ɗana," in ji shi. "Wuri kamar filin ƙwallo."

A bakin ƙofa ya karɓa, ɗaya bayan ɗaya. Bai ce a shigo ba.

Washegari da aka aiki Tela ya karɓo miya, robar ta zo da sanyinta, sai dai a jiƙe take, kuma garin katako ya manne a gindinta. Ya share da hannu ya manta. Shagonsa yana ƙasan benen, daf da matakala. Da hantsi yana kan keken ɗinki ya hango Baba ya shigo da wani buhu a rungume, yana hawa yana tsayawa, hannu ɗaya a bango. Buhun yana ɗiga. Tela ya yunƙura zai taimaka, sai wani abu ya zaunar da shi. Da tsohon ya shige, ya fito ya bi ɗigon da ido. Ruwa ne mai sanyi, da garin katako a ciki.

Mai ƙanƙara ta bakin titi ba ta wahalar da shi ba. Tana fasa wani dunƙule da ta zaro daga garin katako ta gaya masa cewa Baba ya zo sayen ƙanƙara jiya da yamma, ya kuma dawo yau da safe. Firjin nan ya mutu tun ana zaman makokin matarsa, bai gyara ba, bai kuma bari a fitar da shi ba. A bahon wanka yake jera robobin ya lulluɓe da bargo. Ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa.

"To ga shi kin gaya mini," in ji Tela.

"Kai kowa ne? Kajinka ne fa ke karya masa gwiwa."

Ya koma shago ya kasa ɗinki. Ya warware hannun riga guda har sau biyu. Abin da ya fi cin ransa shi ne wannan jim ɗin da tsohon ya yi. A nan ne ya kamata mai hankali ya ce a bari, an samu wani wuri. Shi kuwa robobin sun yi masa nauyi a hannu, bai ga komai ba.

Matarsa da ta ji, sai ta dafe kai, sannan ta ce ai abin mai sauƙi ne, a bar wa Baba abincin kyauta. Tela ya tuna mata ranar da ta aika masa da nama, ya dawo da kwanon cike da lemun da ya fi naman tsada. Ta ce to a gaya masa gaskiya, an sani, ba abin kunya ba ne. Tela ya ce mutumin da ya zaɓi hawa bene da ƙanƙara a ƙirji a kan ya furta kalma ɗaya, shi za a je a gaya wa ba abin kunya ba ne? Ta ce shi dai ya cika juya magana kamar rigar da aka kawo gyara, ya je ya kwaso kayansu kawai, ya ce wuri ya samu.

Hakan ya yi. Baba ya saurare shi, fuskarsa ta canza a hankali. Ya shiga ya fito da robobin ya jera a bakin ƙofa, duk an goge su tas. Sannan ya durƙusa da ƙyar ya fara buɗe murafen, ɗaya bayan ɗaya.

"Duba da kyau, ɗana. Yadda ka kawo haka suke. Ko cinya ɗaya ban taɓa ba."

Tela ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Jiya ya ce kwana da kwanaki za su yi, yau da rana tsaka ya zo kwasa, ga kuma ƙofar firjinsu da Baba ke iya hangowa daga nan, har yanzu ɗaure da ƙyalle. Me tsohon zai ɗauka in ba zargi ba?

Ya rantse ba haka ba ne. Baba ya ce ai bai ce komai ba, mai kaya yana da ikon kayansa, ya ci gaba da buɗe murafe. Yatsunsa sun yi fari sun tattare irin na wanda ya daɗe a cikin ruwa.

Tela ya dubi yatsun, ya dubi fuskar. Gaskiyar tana bakinsa, ya san in ya faɗe ta zargin zai wanke, amma tsohon ba zai sake haɗa ido da shi a matakala ba. Sai ya sunkuya ya zaɓi robar da ta fi ƙanƙanta.

"Baba, wannan kam ba ta da wuri a wajenmu. A taimaka a ƙara riƙe mana ita zuwa gobe."

Tsohon ya miƙe, ya karɓa da hannu biyu. Kafaɗunsa suka koma inda suke.

"Ko zuwa jibi ne," in ji shi.

Sauran abincin matar ta rarraba wa maƙwabta tana mita, wani ma ya riga ya fara tsami kafin a kai. Da yamma Tela yana shago ya ji takun da ya sani, mai jan ƙafa ɗaya. Ya ji tsayawar farko, da numfashin, da ɗigon ruwa a kan siminti. Ya sunkuyar da kai, ya tura wani ƙyallen banza ƙarƙashin allura, ya taka keken da ƙarfi don Baba ya tabbata ba wanda ya gan shi. Bai ɗaga ƙafa ba sai da ya ji ƙofar sama ta rufe.