Saƙon Ranar Litinin

Malama tana tsakiyar shigar da makin ɗalibai aka ƙwanƙwasa ƙofar ofis. Ta yi mamaki, don ƙofar nan ta manta rabonta da baƙo. Tun da jami'a ta kawo mataimakin koyarwa na kwamfuta, wanda ke amsa tambayoyin ɗalibai ta waya ya kuma duba aikinsu, bencin da ke bakin ofis sai ƙura. Ɗalibai ɗari huɗu a aji ɗaya, wa zai ga laifinta don ta samu mai sauke mata kaya? Ta ma yarda ya riƙa sa hannu da "Malamarku" a ƙarshen kowane saƙo.

Wani dattijo ne, da zare maƙale a hannun rigarsa irin na tela. Ya ajiye littattafan laburare biyu a kan tebur.

"Na Autana ne, Malama. Allah ya yi masa rasuwa, yau kwana ashirin."

Ta yi masa ta'aziyya, ta karɓi katin ɗalibin. Ta kalli hoton, ta sake kallo. Ko a mafarki ba ta san fuskar nan ba.

"Kullum zancenki yake," in ji dattijon. "In kin yaba masa, sai ya zo shago ya tsayar mini da keken ɗinki ya karanta mini. Wai kin ce yana da kan lissafi. Ni da ko aji uku ban gama ba, sai in ji kaina ya yi girma."

Malama ta juya ga kwamfuta ta buga lambar yaron. Saƙonni ɗari biyu da sha ɗaya suka jero. Tambayoyi ne masu kyau, irin waɗanda dā take roƙon Allah ya ba ta ɗalibin da zai yi su. Ta gangara zuwa na ƙarshe. "Malama, an kwantar da ni a asibiti. Da zan samu in gan ki ko sau ɗaya, da na ji daɗi." A ƙasa ga amsa: "Allah ya ƙara sauƙi. Lokacin ganawa ranar Talata ne, ƙarfe goma zuwa sha biyu. Malamarku."

Ita da kanta ta zaɓi kada a riƙa turo mata irin waɗannan saƙonni, tun farkon zango, don su daina cika mata waya. Kunya ta kama ta. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, cewa ba ita ce ta rubuta ko kalma ɗaya ba. Dattijon ya riga ta.

"Ya ce mana kin so zuwa, aiki ne ya yi miki yawa. Mun fahimta."

Sai ta fasa. In ta yi magana, za ta ƙwace wa mutumin nan ɗan abin da ya rage masa.

"Sai alfarma ɗaya," ya ce, yana murza hularsa. "Wayarsa tana hannun mahaifiyarsa. Duk Litinin saƙonki yana shigowa, wai ba ki ga aikinsa ba, kina jiran sa. Na ce bari in zo in sanar da ke ki huta. Ita kuwa ta ce in roƙe ki kada ki daina. Wai in wayar ta yi ƙara, sai ta ji kamar makaranta ya tafi."

"Baba, da zarar an cire sunansa daga rajista, saƙon zai tsaya."

"To, ai shi ke nan. Na dai isar."

Ya miƙe da ƙyar, ya yi godiya har sau uku. Har ya kai ƙofa ta kira shi.

"Baba, ba ni lambar wayar."

Ya karanto a hankali, ta shigar a tata wayar, ba a kwamfuta ba. Da ta zo wurin suna, sai da ta sake ɗaukar katin ta duba.