Kada Kowa Ya Ɗaga Ƙafa

Merv Tregenza mutum ne da zai liƙa marfin tankin mai wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba a jikin 'yar motar roba, ko numfashinsa ba za ka ji ba. Amma ka ce ya buɗe baki ya gaya wa mace yana son ta, to nan fa ake yin ta.

Shekara da shekaru, duk ranar Asabar bayan cin abincin rana, yana zaune gefen Glenys Amato a zauren bayan coci, inda ƙungiyar masu haɗa 'yan motoci ta garin Kadina take taruwa. Shi matarsa ta rasu, ita mijinta ya rasu. Mutanen gari sun daɗe da aurar da su a baki, su biyun ne kawai labari bai iske ba. Magana mafi daɗi da Merv ya taɓa yi mata a duk tsawon lokacin nan ita ce, "Miƙo min gam."

Glenys kuwa gwana ce ta ƙarshe. Motocin nan daga Amurka suke zuwa a kwali, gunduwa-gunduwa, da sitiyarinsu a hagu. Ita ce ke sa ɗan zarto ta yanke gaban motar, ta mayar da sitiyari dama yadda masu hankali ke tuƙi a ƙasar nan, ta bi da samfefa har sai ka rantse haka aka ƙera abin. Merv yakan saki baki yana kallon yatsunta har fenti ya bushe masa a kan burushi.

To, yau ce Asabar ɗinta ta ƙarshe. Ta sayar da gidanta, gobe da safe za ta bi 'yarta Narelle zuwa Hobart, can ƙetaren teku. Merv ya sani sarai in bai yi magana yau ba, shi ke nan, an rufe babin. Ya je ya yi aski, ya sa riga mai kwala, ya haddace jawabi tun daga gida har bakin zaure. Ya shigo, ya zauna, ya gyara murya, ya dube ta ido cikin ido, ya ce ta miƙo masa gam. Haba Merv!

Haka aka wuni. Da la'asar Glenys ta tattara burusanta, ta rataya jaka, ta bi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya tana sallama. Narelle ta riga ta iso, tana cikin mota a bakin ƙofa. Merv ne na ƙarshe. Ya miƙe, ta ba shi hannu, ya riƙe bai saki ba.

A daidai lokacin, can ƙarshen tebur, shugaban ƙungiya Clarrie Nitschke yana riƙe da madubin gefe a bakin hantsaki. Da hannunsa ya sassaƙa shi daga guntun roba, ya manna masa takardar cakulan mai ƙyalli, don 'yar a-kori-kurar da zai kai gasar birnin Adelaide. Ya matsa hantsakin da ɗan ƙarfi. Sai ƙit! Madubi ya yi sama.

"Dodo!" Clarrie ya kurma ihu. "Dodo! Kada kowa ya ɗaga ƙafa!"

Dodo shi ne kafet ɗin zauren, wani tsohon abu mai ruwan toka da ɗigo-ɗigo, wanda ya haɗiye fitilu da tayoyi da hannayen ƙofar 'yan motoci ba adadi, bai taɓa yin aman ko ɗaya don raɗin kansa ba. Dokar ƙungiya a kan wannan ba ta da sassauci. Da an ce Dodo, kowa ya ƙame inda yake, takalmi ba ya barin wurinsa. Mai kaya kaɗai ke rarrafe da tocila har a gano abin. An taɓa tsare fasto da kansa a zauren nan har ya makara wurin ɗaurin aure.

Kowa ya ƙame. Merv ma ya ƙame, da hannun Glenys a cikin nasa.

Nan ne ya gan shi. Ga madubin nan ya yi zamansa a cikin furfurar Glenys, sama da kunnenta na hagu, yana ƙyal-ƙyal kamar ɗan kunnen da ya ɓata hanya. Merv ya buɗe baki zai ce ga shi. Sai wani tunani ya faɗo masa: da zarar an ce an gani, za ta zare hannunta ta fice. Ya mayar da bakinsa ya rufe ruf. Wani irin daɗi ya tsarga masa tun daga tafin ƙafa har ƙeya, irin na yaron da ya tsinci makullin kantin alewa. Dattijo guda da shi, mai karanta Littafi a coci, ga shi yana tafka rashin gaskiya, kuma dariya ce ke neman ƙwace masa.

"Lafiya, Merv?" in ji Glenys. "Fuskarka ta yi ja."

"Lafiya lau. Zafi ne."

Clarrie ya kwantar da tocila a ƙasa don haske ya fito da inuwar abin, ya kifa kunci a kan kafet, gwiwoyinsa na ƙara ƙas-ƙas. Ya tsinto tsohuwar taya. Ya tsinto ƙusa. Ya tsinto wani busasshen abu da ya shinshina ya jefar.

"Wannan tayar tawa ce!" in ji Spiro Kalaitzis, tsohon masunci, daga bakin taga. "Tun bara nake zargin Clarrie da sace ta. Yi haƙuri, mutumina. Amma don Allah ka hanzarta, shayin da na ɗura wa cikina ya fara neman hanya."

"Ka matse," in ji Clarrie. "Wa ya aike ka shanye buta guda?"

Merv ya ja numfashi. Yanzu ne, ko a haƙura har abada.

"Glenys."

"Na'am."

"An ce Hobart akwai sanyi."

"Haka na ji."

"Fenti ba ya saurin bushewa a sanyi."

"To, sai in yi haƙuri da shi."

"Kuma... kuma danshi yana sa shi ya yi dusu-dusu."

Kowa a zauren ya kasa kunne, tunda ba inda za shi. Spiro ya ɗaga ido sama ya ce wa silin, "Wayyo Allah, wani ya taimaka ya shaƙe min bawan Allan nan." Wasu suka fara tari na ƙarya. Daga kicin kuma ƙauri ya fara shigowa, 'yan burodin pasti masu nama da dankali a ciki da aka sa a tanda don walimar bankwana sun kama ƙonewa, kuma ba mai ikon zuwa ya sauke.

"Shugaba, abinci na ƙonewa!" in ji wani.

"Ya ƙone! Abinci ana sayen wani. Madubina fa?"

Hon ya tashi a waje. Narelle ta gaji. Merv ya ƙara damƙe hannun, zufa na bin kwalar sabuwar rigarsa. Jawabin nan da ya haddace ya neme shi sama da ƙasa, babu ko kalma, sai bayanin danshi da fenti ke ta yi masa yawo a ka. Hon ya sake tashi, wannan karon dogo.

Glenys ta dube shi, ta ba shi lokaci, har ta ƙara masa. Da ta ga ba abin da zai fito, sai ta yi wani ɗan murmushi da ya fi kuka ciwo, ta zare hannunta a hankali. Ta dafa kafaɗarsa, ta zame ƙafa ɗaya daga takalmi, ta zame ɗayar.

"Ke! Ke! Doka fa!" in ji Clarrie daga ƙarƙashin tebur.

"Doka ta ce takalmi ba ya barin wurinsa. Ga su nan, ba su motsa ba. In na taka madubinka tafin ƙafata zai gaya min. Sai wata rana, samari."

Ta nufi ƙofa a sanɗa, babu takalmi, jaka a kafaɗa, madubi na ƙyalli a kanta. Merv ya ga bayanta yana nisa. Ta kai hannu ga mariƙin ƙofa.

"Yana kanki!" Muryar ta fito da ƙarfin da shi kansa sai da ya razana. "Madubin! Yana cikin gashinki, sama da kunne!"

Glenys ta tsaya. Ta juyo. Clarrie ya ɗago da sauri har ya gwara kai da tebur.

"Tun yaushe ka gan shi?" in ji ta.

"Tun da ya sauka."

"Tun da ya sauka?" Clarrie ya fashe. "Kai, tsohon banza! Ina ta jan ciki kamar ƙadangare, ina shaƙar ƙurar kakannin kakanni, ashe kana tsaye kana kallon abina?"

"Mafitsarata fa!" in ji Spiro. "Wa zai biya ni?"

Glenys ba ta ko kalle su ba. "Me ya sa ka yi shiru, Merv?"

"Don in aka gan shi za ki tafi." Da wannan ta fita, sauran suka biyo kamar an ɓalle famfo. "Ba na son ki tafi, Glenys. Son ki nake yi. Na daɗe ina son ki, tun ranar da kika zage ni a kan na liƙa gilashi a juye. Gam ɗin ma ƙarya ne, ina da shi cike da durowa a gida."

Sai zaure ya kece da ihu. Tsofaffi suna tafi, suna fito, suna buga tebur, amma ko ɗaya bai ɗaga ƙafa ba, don shugaba bai sallame su ba tukuna. Glenys ta rufe baki da hannu, dariya da hawaye suka haɗe mata, daga baya fushi ya zo ya same su.

"Sai da na sayar da gida! Sai da na ba da kyanwata, na kyautar da tukwanena, na yi wa jikokina alkawari, sannan bakinka ya buɗe? Kai wane irin mutum ne, Merv Tregenza?"

"Wawa ne," in ji Spiro. "Amma namu ne."

Ta lalubi gashinta a hankali, ta ciro madubin a kan ɗan yatsa. Clarrie ya miƙo tafin hannu biyu. Ita kuwa ta buɗe gidan tabaraunta, ta jefa shi ciki, ta rufe ƙarap.

"Tafiya dai ba fashi, na riga na faɗa wa yara. Madubi ma Hobart za shi. In kana son abinka, Clarrie, ka aiko wanda ya ɓoye shi ya karɓa. Shi kaɗai zan ba. Kuma ya taho da rigunan sanyi da yawa, don ban ce da wuri zan ba shi ba."

Ta fice abinta.

Merv ya tsaya sororo, bai gane ba. Sai da Clarrie ya rarrafo ya finciki ƙafar wandonsa. "Me kake jira, sakarai? An ɗage doka! Bi ta! Ko adireshin ba ka sani ba!"

Spiro ya yi banɗaki da gudu, wasu suka yi kicin inda hayaƙi ya turnuƙe. Merv ya sunkuya ya kwashi takalman Glenys, ya rungume su a ƙirji, ya fita yana ɗingishi saboda ƙafafunsa sun yi tsami, yana dariya shi kaɗai kamar wanda ya zautu. Bai taɓa shiga jirgin ruwa ba a rayuwarsa, tsoron teku yake yi ba na wasa ba, amma duk wannan bai ko faɗo masa a rai ba.

Motar ba ta tashi ba. Ƙofar baya a buɗe take, Glenys ta matsa can ciki ta bar wuri.

"Kawu Merv, ina zuwa da takalman Mama?" in ji Narelle daga gaba.

Ya zarce ƙofar baya. Ya shiga ya zauna a ɗarare, takalma a cinya, yana haki.

"Glenys, da gaske kike?"

"Rufe ƙofa, Merv," in ji ta, tana share ido. "Mun ɓata lokaci da yawa."