Maganin da Aka Ajiye

Su huɗu ne a gidan: Mama, mai binciken magunguna, ƙanenta Kawu, wanda ke kula da harkar ɗan ƙaramin kamfaninsu, Auta, ɗan shekara biyar mai ciwon sikila, sai yayarsa, yarinyar da ake kira Sarkin Tambaya. Suna da ilimi, suna da wani magani da Mama ta yi shekara da shekaru tana haɗawa. Abin da suka rasa shi ne ƙarfin gwada shi a jikin mutane, domin wannan aiki sai manyan kamfanoni.

Kullum in an tashi makaranta, Sarkin Tambaya kan zauna a ɗakin gwaji kusa da babban firiza mai gurnani, tana aikin gida. Sau ɗaya Mama ta ɗora ta a kujera ta leƙa madubin ƙara girma. Ta ga ƙwayoyin jinin Auta sun lanƙwashe kamar lauje. Da aka ɗiga maganin a wani jinin nasa, sai ta gan su zagaye sumul. Tun ranar take gaishe da kwalaben maganin masu shuɗin murfi kamar 'yan uwa.

Da wani babban kamfani ya yarda ya haɗa gwiwa da su, Kawu har rawa ya yi a tsakar ɗaki. Aka sa hannu, aka ɗauki hoto.

Wata rana da la'asar ya dawo daga taro, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin mota. Ya ce kamfanin ya yanke shawarar ajiye maganin.

Yarinyar ta ji daɗi. Ta san ajiya. Akwai takalman Auta a saman wardirof, an ajiye su sai ƙafarsa ta girma. Amma Mama ta cire safar hannunta ta wurga a kan tebur.

"Ajiye shi zuwa yaushe?"

"Yaya, ki sassauta murya. Yarinya na ji."

"Ta ji mana. Jinin ƙanenta ne a firizar nan."

Kawu ya fara bayani cikin irin muryar da yake lallashin masu ba da jari. Ya ce kamfanin na da nasa maganin a kasuwa, mai tsada, kuma in wannan ya fito mai araha, wancan ya mutu. Ya ce yanzu haƙƙin maganin na kamfanin ne, ba a gwada shi, ba a buga sakamakon, ba a kai wa wani.

Mama ta tambaye shi ko bai karanta yarjejeniyar ba kafin ya ce ta sa hannu. Ya ce ya karanta, amma wa zai zaci mutum ya sayi abu don kada a yi amfani da shi? Ta kira shi sarkin kwat da taye, ta ce hoton nan kawai ya gani. Ya ce ita ma ai da murmushinta a hoton.

"Ranar da ciwon Auta ya sake tashi," ta ce, "kai za ka riƙe masa ƙafa. Ka gaya masa an ajiye."

Bayan mako guda ma'aikatan kamfanin suka zo da akwatunan sanyi. Mama ta juya musu baya tana wanke kwalaben da ta riga ta wanke. Sarkin Tambaya ta matsa kusa da wanda ke jera masu shuɗin murfi, ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi ranar da za a dawo da su, domin ƙanenta yana jira.

Mutumin ya dubi takalminsa. Ya ce shi direba ne kawai, ya danne murfin akwatin.

Da suka koma gida yarinyar ta hau kujera ta sauko da takalman Auta, ta sa masa, duk da suna yi masa yawa. Ta gane cewa akwai ajiyar da ake yi don kada abu ya taɓa isa hannun mai bukatarsa.